Ranar da Tela Ya Ja 'Yan Keke Zuwa Kogi

A layin da ke bayan kasuwa akwai wani tela wanda ba a taɓa ba da labari a gabansa ya rasa wanda ya fi shi ba. In ka ce ka ga maciji a gona, shi ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mesa. In ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai kwana uku, nasa zazzaɓin sai da likitoci suka taru a kansa suna rubuce-rubuce. Ɗinkinsa dai ba laifi, kowa ya shaida. Bakin ne ba shi da birki.

Duk Asabar da safe 'yan keken unguwa kan taru a inuwar rumfar shagonsa kafin su fita. Ba kwalta suke bi ba. Hanyoyin burji da tsakuwa suke nema, su hau tudu, su gangara, su ratsa daji, su dawo buɗu-buɗu suna murna kamar an yi musu kyauta. Akwai Hedimasta mai ritaya, wanda ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. Akwai Sista ta asibiti, da Kanike mai gareji a ƙarshen layi. Jagoransu shi ne ƙanin matar Tela, wanda kowa ke kira Auta, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Wata Asabar Tela na zaune da tef a wuya yana kallonsu suna matsa tayoyi, sai ya taɓe baki.

"Wannan duk wasan yara ne," in ji shi. "Ni da kuke gani shekara talatin ina kan keke, ban taɓa faɗuwa ba."

Matarsa, da ta kawo masa shayi, ta ajiye kofin ta ce, "Ai keken ɗinki ba ya kayar da mutum, Maigida."

Aka yi dariya. Tela ko a jikinsa.

"Feda feda ce," ya ce. "Ƙafar da ta ɗinka kayan makarantar yaran unguwar nan kaf, tudu ne zai ba ta tsoro?"

Ba a yi sati biyu ba dama ta faɗo masa. 'Yan keken sun shirya babbar fita zuwa kwarin kogi, inda za su haɗu da 'yan keken wani gari da ƙarfe goma sha biyu, iyalai kuma su biyo ta kwalta a mota da abinci. Sabuwar hanya ce, Auta kaɗai ya san ta. Ana saura kwana uku sai Auta ya zame a matakalar ofis ya yi targaɗe.

Aka taru a rumfar Tela ana jimami. Hedimasta ya ce a ɗaga fitar. Sista ta ce baƙi sun riga sun shirya, ɗagawa yanzu abin kunya ne.

"Wai wace hanya ce?" Tela ya tambaya, yana saka zare a allura.

"A haye tuddai uku, a ratsa daji, a sauka gada," in ji Kanike.

"Wannan? Na san ta kamar yunwar cikina."

Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa bi ta wajen, shekara goma sha biyu da suka wuce, a motar haya, kuma tun kafin tudu na biyu barci ya kwashe shi. Amma magana ta riga ta fita, kuma ya ji daɗin yadda ta fita. Da yake babu wani zaɓi, aka amince.

Saura keke. Auta na da wani keke mai kaurin taya da kai lanƙwasasshe, wanda a falo yake kwana, kuma da burushin haƙori ake wanke masa sarƙa. Tela ya je gidan, ya duba mara lafiya, ya zauna, ya ƙi tashi. Mijin yayarka ba a daɗewa ana ce masa a'a. Da la'asar Auta ya sallama, fuskarsa kamar wanda za a cire wa haƙori.

"To Yaya, bari in saka maka taswirar hanyar a waya."

"Waya ta masu ɓata ce. Faɗa mini kawai."

Auta ya riƙa faɗa, Tela na zanawa da allin ɗinki a kan wani baƙin ƙyalle: nan tudu, nan rijiya, nan hanya ta rabu biyu.

"Sai takalmin nan, Yaya. Maƙalewa yake a feda. In za ka tsaya sai ka murɗa diddige waje, in ba haka ba..."

"Auta, ran da na fara zuwa gidanku wajen yayarka kana yawo ba wando. Yau kai za ka koya mini tsayawa?"

"Giyar kuma a jikin hannun birki take."

"Na ji, na ji. Ka kula da ƙafarka."

Takalmin ya yi masa yawa, ya cusa tsumma a ciki. Ranar Juma'a kuwa bai taɓa ɗinkin kowa ba. Ya ce jagora ba ya sa kayan kanti. Ya ciro ragowar yadin labule mai ja da ruwan ɗorawa, ya ɗinka riga da gajeren wando matsattsu. Ya taɓa lura cewa wandunan 'yan keke na da ɗan soso a mazauni, bai fi kaurin yankan burodi ba. Ya ce rowa ce ta kamfani. Ya farke tsohon kushin ɗin kujera, ya yanko soso mai kaurin tafin hannu biyu, ya ɗinke a ciki.

Da ya fito safiyar Asabar, da hular kwano a karkace, baya ya yi tudu, yana ƙwas-ƙwas da takalmi, matarsa ta dube shi sama da ƙasa.

"Maigida, in ka haɗu da agwagi a hanya ka gaishe su, danginka ne."

"Ki dai dafa shinkafa da yawa. Kafin sha ɗaya muna can."

Fitarsu daga gari lafiya lau. Kwalta ta ƙare, burji ya fara, tsakuwa na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin taya. Gonaki sun miƙe dama da hagu, kore shar, iska mai sanyi na kaɗawa. Tela na gaba, ƙirji a buɗe, yana nuna musu abubuwan da kowa ke gani da idonsa.

"Waccan saniya ce," ya ce.

"Mun gode, jagora," in ji Sista.

Sai tudu na farko. Ba wani tudu ba ne, ɗan hawa ne mai sauƙi, amma keken na kan giya mafi nauyi, kuma Tela ya lalubi kan keken ko'ina bai ga abin canzawa ba. Ya miƙe tsaye a kan feda, jijiyoyin wuyansa suka fito, keken na tangaɗi kamar mai jin barci. Hedimasta ya zo ya wuce shi a hankali, yana ɓare ayaba.

"Tela, ka sauko da giya mana," in ji Kanike daga baya.

"Ni da giya har abada," Tela ya ce yana haki. "Ko a keke."

"To Allah ya ƙara tsoron Allah. Ga ta nan dai kusa da yatsanka."

Kanike ya matso, ya miƙa hannu ya danna masa. Nan take feda ta yi laushi, ƙafafun Tela suka riƙa juyawa kamar fanka.

"Da ma yanzu nake shirin dannawa," ya ce. "Ina gasa cinya ne tukuna."

A saman tudun sauran suka tsaya suna shan ruwa. Daga nan ana hango ƙasa ta yi ninki-ninki kamar bargon da ba a gyara ba, daji ya yi duhu can gaba. Tela ya ga wurin ya dace da jawabi. Ya iso gabansu, ya ja birki, ya ɗaga yatsa.

"Jama'a, abu na farko da ɗan keke zai sani..."

Ya ja ƙafar dama, ta ƙi fita. Ya ja ta hagu, ita ma ta ƙi. Keken ya tsaya cak na ɗan lokaci kamar yana shawara, sannan ya kwanta da shi a hankali, da mutum da keke da yatsa a sama, cikin gonar kabeji.

Sauran suka matso. Sista ta leƙo.

"Malam Tela, akwai inda ke ciwo?"

"Ƙasar nake dubawa. Jagora sai ya san irin ƙasar da zai bi da mutane."

"Da kunne ake duba ta?"

Sai da Kanike ya murɗa masa diddige kafin aka raba shi da keken. Hedimasta ya cire masa ganyen kabeji daga hula, ya ce, "Muna jiran abu na biyu."

Gangaren da ya biyo baya kuwa, gaskiya Tela ya ji daɗinsa. Iska ta cika masa riga, itatuwa na wucewa, tsuntsaye na tashi daga ciyawa, har ya ji kansa yana dariya shi kaɗai. A ransa ya ce ashe mutanen nan ba hauka suke yi ba. Tudu na biyu da na uku ya haye su da giyar da Kanike ya koya masa, bai yi jawabi a saman ko ɗaya ba. Da a ce nan tafiyar ta ƙare, da ya tsira da sauran mutunci.

A bakin daji hanya ta rabu biyu. Tela ya tsaya, wannan karon ya jingina da itace tukuna, ya zura hannu cikin riga ya ciro taswirarsa. Gumi ya riga shi. Babu tudu, babu rijiya, sai wani farin dabbare kamar an goge allo da hannu. Ya ƙura masa ido, ya juya shi sama, ya gyaɗa kai.

"Hagu," ya ce.

Dajin na da sanyi da ƙamshin ganye. Hanyar ta ƙanƙance, saiwoyi suka riƙa jijjiga su. Bayan ɗan lokaci suka iske wani dattijo mai gadin daji zaune a kan kututture yana ɓare lemo. Aka gaisa.

"Ina aka nufa?" in ji dattijon.

"Gada," Tela ya ce.

"Ai gada ta..."

"Mun sani, Baba. Mun gode."

Suka wuce. Suka haye wani ɗan rafi, suka bi gefen wata tsohuwar katanga, Tela na cewa dama, yana cewa hagu, da murya irin ta wanda a dajin aka haife shi. Bayan rabin awa sai ga wani dattijo zaune a kan kututture yana shan lemo.

"Malam Tela," in ji Sista, "wannan ba mutumin ɗazu ba ne?"

"Ƙaninsa ne. Masu gadin daji 'yan gida ɗaya ake ɗauka."

"Har da ɓawon lemo iri ɗaya?"

"Gona ɗaya ce."

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce sha biyu ta wuce, baƙi sun iso tuntuni, shinkafa na hucewa, Auta kuma ya ƙi zama, sai ɗingishi yake yana leƙen hanya.

"Muna daf," in ji Tela. "Na ɗan ƙara musu motsa jiki ne."

Suka sake haye ɗan rafin. Suka sake bin gefen katangar. Ruwan gorar kowa ya ƙare, Kanike ya daina magana, wanda a wurinsa alama ce mara kyau. A karo na uku dattijon ya gama lemonsa, ya miƙe ƙafa, yana ganinsu ya ɗaga hannu kamar tsofaffin abokai.

"Sannunku da zagaye," ya ce. "In za ku sake dawowa ku taho mini da ruwa."

Hedimasta ya sauka daga keke, ya cire hula, ya ce, "Baba, don Allah ina hanyar gada?"

Dattijon ya ɗaga haɓa. Ya nuna saman kan Tela da baki. Kowa ya ɗaga ido. A jikin itacen da Tela ya jingina akwai allo, da kibiya, da rubutu manya-manya: GADA.

"Sabon allo ne," in ji Tela. "Da babu shi."

"Ni na kafa shi," in ji dattijon, "shekarar da aka ɗauke ni aiki."

Ƙarfe biyu ta gota kafin suka fito daga dajin. Kwarin ya buɗe a ƙasansu, kogi na sheƙi a tsakiya. Can tsallake, ƙarƙashin manyan itatuwa, ga motoci, ga tabarmi, ga baƙi cikin riguna iri ɗaya, ga iyalai, duk an juyo ana kallon tudu. Gadar na can sama, sai an ɗan yi zagaye. Amma daga inda suke akwai wata 'yar hanyar shanu da ta gangara kai tsaye cikin ruwa, ta fita daidai gaban taron.

Tela ya dubi gadar, ya dubi taron. Ya lissafa cewa in ya bi gada, labarin daji ne zai riga shi isa. In kuwa ya ratsa kogi a kan keke a gaban kowa, ba wanda zai sake tuna mai gadi.

"Ta nan za mu bi," ya ce.

"Ruwan nan ya fi yadda kake gani," in ji Kanike.

"Iyakarsa idon sawu. Na taɓa ƙetare shi da buhu a ka."

"Keken ba naka ba ne, Malam Tela," in ji Sista.

"Shi ya sa zan wanke masa shi."

Hedimasta ya ce shi shekarunsa sun fi son gada. Sauran suka bi shi. Tela ya gyara hula, ya saki birki.

Farkon shigarsa abin ya yi kyau. Ruwa ya tsage gida biyu, yana fantsama, yara a tsallake suka fara tafi. Baƙi suka ɗaga wayoyi. Tela ya ji daɗi ya ratsa shi har ƙafa, ya saki hannu ɗaya don ya gaishe da jama'a. A daidai nan tayar gaba ta faɗa rami.

Da ya ɗago, ruwa na kugunsa, hula ta rufe masa ido ɗaya. Allah ya so takalmin ya yi masa yawa, ƙafafunsa suka zare, takalman suka tafi maƙale a feda. Keken ya fara bin ruwa a kwance. Tela ya cafko sirdi, sai ya ji wani nauyi na jan sa ta baya. Soson kujera ya sha ruwa ya ƙoshi, ya kumbura, yana jan wandon ƙasa kamar an ɗaura masa dutse.

"Yaya, keken," Auta ya ƙwala daga gaɓa, yana tsalle da ƙafa ɗaya. "Riƙe keken."

"Maigida, wandon," in ji matarsa. "Don girman Allah riƙe wandon."

Hannu biyu gare shi, kuma ɗaya na neman abin dafawa. Ya riƙe keke, wando ya sauka. Ya saki keke ya kamo wando, keke ya yi gaba. Ya sake kai hannu, ɗinkin baya ya ce ɓarrr, soson ya fito ya hau kan ruwa, ya wuce gaban taron a natse kamar shi ma an gayyace shi. Yadin labulen kuma ya fara zuba, ruwan da ke kewaye da Tela ya koma ja da ruwan ɗorawa.

Wani masunci da ke gyaran koma a ƙasa kaɗan ya shiga ya tare keken da gora. Sannan ya dawo ya kamo hannun Tela, ya jawo shi gaɓa kamar tunkiyar da ta faɗa rijiya. Suna isowa Hedimasta da sauran na jingine kekunansu, a bushe, har an miƙa musu ruwan sanyi.

Shugaban baƙin, wani dogo mai ladabi, ya matso ya miƙa hannu.

"Kai ne jagoran?"

Tela bai iya miƙa hannu ba, duka biyun suna kan wando.

"Shi ne," in ji Sista. "Daji ma sau uku ya nuna mana shi, don kada mu manta."

Auta bai yi dariya ba. Ya durƙusa gaban kekensa, yana cire gansakuka daga sarƙa, yana juya tayar gaba da ta ɗan karkace. Bai ɗago ba. Wannan ya fi ruwan kogi sanyi a jikin Tela. Matarsa ta yaye ledar da aka shimfiɗa wa kwanuka, mai zanen furanni, ta ɗaura masa a ƙugu. Ya tako a hankali, ƙafa ba takalmi, ya tsaya a kan Auta.

"Auta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ka yi haƙuri. Ban san hanyar nan ba. Sau ɗaya na bi ta, a mota, kuma barci nake yi."

"Ƙara faɗa, Maigida," in ji matarsa. "Na baya ba su ji ba."

Kanike ya karɓi tayar, ya duba, ya ce aikin rabin awa ne, gobe ma a hau. Sai a lokacin Auta ya ɗago. Ya dubi ledar furanni, ya dubi ƙafafun da suka rine ja, ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙi. Dariya ta kwantar da shi a ciyawa har sai da targaɗen ya tuna masa da kansa.

Aka ci abinci, ko da ya huce. Tela ya ci faranti biyu, kuma tsawon cin nan ba a ji ya fi kowa komai ba. Baƙi suka nemi a yi hoto da shi, ya yarda, da sharaɗin daga ƙirji zuwa sama.

Da yamma 'yan keke suka kama hanyar gida ta kwalta. Tela kuwa aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, tsakanin tukwane da tabarmi, yana rungume da keken Auta. Motar ta tarar da su a tudu na ƙarshe, suna hawa a jere, ana hango gari a gaba. Tana wuce su Tela ya ji wani abu ya motsa masa. Ya yunƙura ya miƙe, hannu ɗaya a kan leda, ɗaya ya nuna gaba.

"Ku biyo ni," ya ce. "Nan ce hanya."

Hedimasta ya share gumi, ya dubi Sista.

"Rubuta lokacin," ya ce. "Yau dai ya faɗi ɗaya daidai."